Shin tataccen ruwa yana cin lagireto?

An daɗe ana faɗa a garejojin Kaduna wai tataccen ruwa, wanda ake samu daga tururi, yana cin lagireto. Wataƙila ana rikita shi ne da ruwan batir mai asid. Shi tataccen ruwa babu asid a cikinsa, babu kuma ma'adinan ruwan rijiya ko burtsatse, masu daskarewa su toshe lagireto. Leƙa tsohuwar butar shayi, za ka ga irin farin ɓawon.

Sai dai tataccen ruwa shi kaɗai ba ya hana tsatsa. Gauraya shi ake yi da kulan, wato ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa, galibi rabi da rabi. Karanta jikin galan tukuna, don wani kulan ɗin a gauraye yake zuwa, sannan duba littafin motarka.

Don Allah a tura wa direbobi da makanikai.