An yi kamu, ba a ɗaura aure ba: dokar zaɓen ɗaliban jami'a a gasar hoki ta NHL

Daren 28 ga Yuni, 2024, a birnin Las Vegas na Amurka, tsohon ɗan wasa Joe Thornton ya hau dandamali ya kira sunan Macklin Celebrini. Yaron, haifaffen Kanada, makonni biyu ke nan da cikarsa shekara 18. Ya miƙe, ya rungumi iyayensa, aka saka masa rigar San Jose Sharks, 'yan jarida suka yi ta haska shi. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ce ai shi ke nan, kulob ya yi sabon ɗan wasa. A'a. A wannan daren Celebrini ɗalibin Jami'ar Boston ne, ko sisi kulob ɗin bai biya shi ba, kuma da ya ga dama sai ya koma aji abinsa. Sai a watan Yuli ya rattaba hannu a kwantiragi.

Tazarar da ke tsakanin kiran suna da sa hannu ita ce dokar gaba ɗayanta. In ka gane ta, sauran duk mai sauƙi ne.

NHL ita ce babbar gasar hoki na ƙanƙara a duniya, ƙungiyoyi 32 ne a Amurka da Kanada. Ba a sayen yaro daga makarantar horarwa kamar yadda ake yi a Turai. Duk shekara ana zama a yi zaɓen sabbin 'yan wasa, zagaye bakwai, kowace ƙungiya da gurbi ɗaya a kowane zagaye, wato wajen matasa 224. Wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke kan gaba, don kada masu ƙarfi su kwashe komai. Amma saboda kada wata ta riƙa faɗuwa da gangan, gurbin farko ƙuri'a ake fitarwa tsakanin ƙungiyoyi 16 da ba su kai zagayen neman kofi ba. Ta ƙarshe a teburi tana da kashi 18.5 cikin 100 na damar cin ƙuri'ar, kuma babu wadda za ta haura sama da matakai goma. San Jose ce ta zo ƙarshe a 2024, ƙuri'a kuma ta faɗa mata.

Sai maganar shekaru. Dole yaro ya cika 18 a ranar 15 ga Satumba na shekarar zaɓen ko kafin nan. Wannan rana ba ta san sani ba, ba ta san sabo ba. An haifi Auston Matthews ranar 17 ga Satumba, 1997, kwana biyu kacal suka hana shi shiga zaɓen 2015. Sai ya tafi Zurik ta ƙasar Suwizalan ya yi kaka guda yana bugawa da manya, Toronto ta ɗauke shi a gurbin farko a 2016. Ɗan Amurka ko Kanada da ya wuce shekara 20 ba a zaɓe shi ba kuwa ya fita daga tsarin, duk ƙungiyar da ke so tana iya nemansa kai tsaye.

Yanzu ga inda hoki ya sha bamban. A ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka, ɗalibin da ya tsaya kan cewa ya shiga zaɓe ya yi sallama da wasan jami'a. A hoki babu wata takardar neman shiga da ɗan shekara 18 zai cike. Shekarunka sun kai, sunanka na cikin kasko. Tun da ba kai ka kai kanka ba, hukumar wasannin jami'o'i ta Amurka, NCAA, ba ta ɗauke ka ƙwararre mai cin albashi ba. Za ka ci gaba da buga wa jami'arka har ranar da ka sa hannu a kwantiragi. Ranar kuwa ƙofar jami'a ta rufe, ba komawa.

To me ƙungiyar ta samu? Kamu ta yi. Babu wata ƙungiyar NHL da za ta zo zance wurin yaron muddin wa'adin bai ƙare ba, amma ita ma ba ta da ikon tilasta shi. Owen Power ne na farko a zaɓen 2021, Buffalo ta ɗauke shi, ya ce sai ya ƙara shekara a Jami'ar Michigan, haka kuma aka yi.

Wa'adin nan shi ne makamin ɗalibi. A ƙarƙashin yarjejeniyar 2013 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, ɗalibin da ya zauna a jami'a har ajinsu ya kammala, ikon kulob a kansa yana ƙarewa ranar 15 ga Agusta na wannan shekarar. Washegari ɗan kansa ne. Jimmy Vesey ya nuna wa kowa yadda ake amfani da wannan. Nashville ta zaɓe shi a zagaye na uku a 2012, ya tafi Harvard, ya yi shekara huɗu cur, a 2016 ya ci kambun Hobey Baker da ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Nashville ta yi lallashi har ta gaji, ta yi musanyen ikonta da Buffalo. Buffalo ma ta yi nata, yaro ya yi kunnen uwar shegu. Wa'adin Agusta na cika ya tafi New York Rangers. Ƙungiyoyi biyu suka rasa shi.

Magoya bayan Nashville sun kira shi butulu. Ni ban ga butulci ba. Ba a tambaye shi ba lokacin da aka zaɓe shi, ba a biya masa kuɗin makaranta ba, abin da doka ta ce kawai ya jira. Kuma jiran ba kyauta ba ne: shekara huɗu yana iya karyewa a kan ƙanƙara ba tare da ya taɓa karɓar albashin NHL ba.

Tsoron ranar 15 ga Agustan nan ya sa ba sai yaro ya jira ta ba ma. Cutter Gauthier, wanda Philadelphia Flyers ta ɗauka a gurbi na biyar a 2022, yana Kwalejin Boston ya nuna ba zai sa musu hannu ba. Ba su tsaya jayayya ba, a Janairun 2024 suka yi musanyensa da Anaheim, gara a samu rabi da a rasa duka. Sabuwar yarjejeniyar da aka amince da ita a Yulin 2025, mai fara aiki a kakar 2026 zuwa 2027, ta sake fasalin waɗannan wa'adodi don su zama kusan bai ɗaya ga kowa, amma ba ta ba kulob ikon riƙe yaro har abada ba.

Kwantiragin farko shi ma doka ce ta yanka shi, ba ciniki ba. Mai shekara 18 zuwa 21 zai sa hannu na shekara uku, mai 22 ko 23 na shekara biyu, mai 24 na shekara ɗaya. Albashin yana da rufi: waɗanda aka zaɓa a 2024 ba za su wuce dala 975,000 a shekara ba, ban da ladan bajinta. Kuɗi ne mai yawa a idona da idonka, amma a NHL na 'yan koyo ne. Babban kuɗin yana kwantiragi na biyu, don haka kowa burinsa na farkon ya ƙare da wuri.

Dubi yadda Cale Makar ya yi. Colorado ta zaɓe shi na huɗu a 2017, ya yi shekara biyu a Jami'ar Massachusetts. Ranar 13 ga Afrilu, 2019, ya buga wasan ƙarshe na kofin jami'o'i, suka sha kashi. Washegari ya sa hannu. Ranar 15 yana kan ƙanƙara yana karawa da Calgary a zagayen neman kofin NHL, har ya ci ƙwallo. Waɗannan 'yan wasannin na Afrilu da Mayu sun cinye masa shekara guda daga cikin ukun, a Yulin 2021 ya sa hannu kan dala miliyan 54 na shekara shida. Wannan dabarar ƙona shekara ita ce alewar da ƙungiyoyi ke miƙa wa ɗalibi don ya bar makaranta. Ga mai 18 ko 19 dai akwai sharaɗi: sai ya buga wasa goma a NHL kafin shekarar ta ƙirgu.

Har zuwa kwanan nan, yaro ɗan shekara 16 mai hazaƙa yakan tsinci kansa a mararraba. Hanya ɗaya ita ce gasar matasa ta Kanada, CHL, mai rassa uku. Ɗayar kuma jami'a. NCAA ta ɗauki CHL gasar ƙwararru, saboda ana ba yara ɗan alawus kuma wasu cikinsu sun riga sun sa hannu da NHL. Ka buga musu wasa, ka haramta wa kanka hokin manyan jami'o'i. Shi ya sa Celebrini bai bi ta can ba: Chicago Steel ya je, a gasar matasa ta Amurka, sannan ya shiga Jami'ar Boston yana ɗan 17, ya ci ƙwallo 32 da maki 64 (wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci) a wasa 38, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa cin Hobey Baker.

Katangar ta rushe ne ta dalilin wani yaro da kusan ba wanda ya san sunansa. Rylan Masterson ya buga wasannin share fage biyu kacal wa Windsor Spitfires a 2022, aka ce ya rasa damar jami'a. A Agustan 2024 ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Buffalo, yana cewa dokar haɗin baki ce ta tauye kasuwa. NCAA, wadda ta riga ta sha kaye a shari'o'i irin wannan, ba ta jira hukunci ba. Ranar 7 ga Nuwamba, 2024, ta janye haramcin, daga 1 ga Agusta, 2025. Sharaɗin da ya rage shi ne kada abin da aka ba yaro ya wuce ainihin kuɗin ɗawainiyarsa.

Babban kifin da ya fara bi ta sabuwar ƙofar shi ne Gavin McKenna, ɗan garin Whitehorse da ke can arewacin Kanada. An haife shi 20 ga Disamba, 2007, don haka ranar 15 ga Satumba ta tura shi zaɓen 2026. A kakar 2024 zuwa 2025 ya tara maki 129 a wasa 56 wa Medicine Hat Tigers, suka ci kofin reshen yamma. Me ya rage masa a can? A Yulin 2025 ya sanar da cewa Jami'ar Penn State zai tafi.

Lissafin a bayyane yake. A reshen yamma ana buga wasa 68, da yara 'yan 16 zuwa 20. A jami'a wasannin talatin da 'yan kai ne, galibi Juma'a da Asabar, sauran mako na ɗaga ƙarfe da atisaye, abokan karawar kuma har da ƙarti 'yan 23 da 24. Makin yaro zai ragu, wannan babu makawa, kuma masu farautar 'yan wasa sun san da haka. Abin da suke zuwa kallo shi ne yadda ɗan 17 zai yi in ƙato ya matse shi a jikin katanga. Ga kuma kuɗi: tun Yulin 2021 ɗalibi na iya cin moriyar sunansa da hotonsa, daga 2025 kuma jami'o'i na iya biyan 'yan wasansu kai tsaye.

Akwai wani ƙaramin bambanci da ba a cika faɗa ba. Yaron da aka zaɓa daga CHL, in yana da 18 ko 19 bai samu gurbi a NHL ba, tsohuwar yarjejeniya tsakanin NHL da CHL ta ce a mayar da shi gasar matasa. Wanda aka zaɓa daga jami'a kuwa, da ya sa hannu ana iya tura shi AHL, gasar ƙwararru ta biyu, ya fara gogayya da manya yana karɓar albashi.