Karatun Gudanar da Ayyuka Bayan Digiri na Farko: Tambayoyi da Amsoshi

Matasan da suka gama hidimar ƙasa da ma'aikatan da ke son ƙaro karatu a Zariya suna yawan tambaya a kan wannan fanni. Ga amsoshin tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Wane irin aiki ake koyon gudanarwa?

Aikin da yake da ranar farawa, da ranar gamawa, da abin da ake son a gani a ƙasa idan an gama. Gina ajujuwa a Tudun Wada, haƙa rijiyar burtsatse, zagaye ɗaya na allurar rigakafi, haɗa manhajar kwamfuta, duk suna ciki. Biyan albashi wata-wata ba ya ciki, domin ba shi da ƙarshe. Abubuwa uku ne ke jan juna a kowane aiki: girmansa, lokacinsa da kuɗinsa. Ka taɓa ɗaya, sauran biyun sai sun motsa, kuma ingancin aikin ne ke shan wuya idan aka ƙi yarda da haka.

Ai magina sun daɗe suna aiki babu digiri. Me karatun zai ƙara?

Gaskiya ne, Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 ba tare da ya shiga aji ba, kuma har yau masana gine-gine na zuwa kallon aikinsa. Amma aikin yau kuɗin gwamnati ne ko na masu ba da tallafi, ga 'yan kwangila da yawa, ga doka, ga farashin siminti da rodi da ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2011 wani kwamitin shugaban ƙasa ya ƙidaya ayyukan gwamnatin tarayya fiye da 11,000 da ba a kammala ba. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta tun 1979 aka kafa shi, amma ba a kammala aikinsa ba. A ganina yawancin irin waɗannan ayyuka tun a takarda suke mutuwa, kafin a ɗora bulo ko ɗaya: ba a auna kuɗin da kyau ba, ba a tabbatar da inda zai fito ba, ba a ji ta bakin mutanen da aikin ya shafa ba. Abin da karatun ke ba mutum shi ne idon hango matsala tun tana nesa.

Me ake koyarwa a aji?

Da farko ana koya maka yanka babban aiki ƙanana-ƙanana har kowane yanki ya sami mai shi, da kuɗinsa, da kwanakinsa. Sai a jera su a jadawalin da ke ɗauke da sunan Henry Gantt, injiniyan Amurka da ya yaɗa shi a farkon ƙarni na 20. Daga nan a shiga lissafin da kamfanin DuPont da rundunar sojan ruwan Amurka suka ɓullo da shi a ƙarshen shekarun 1950, na gano jerin ayyukan da ba sa ɗaukar jinkiri.

Ɗauki ginin ajujuwa. Sai an gama harsashi za a ɗora bulo, sai bulo ya kai za a zuba linta, sai linta ta bushe kafinta zai hau rufi. Kwana ɗaya da aka rasa a wannan jeri, kwana ɗaya ne aka ƙara wa aikin baki ɗaya. Ƙofofi da tagogi kuwa mai walda zai iya yin lattin mako guda ba a ji a jika ba, domin ba a kai ga buƙatarsu ba. Wanda ya san wannan ya san inda zai tsaya da ƙafarsa, ya kuma san cewa a Zariya ba dabara ba ce ruwan Agusta ya tarar da gini babu kwano.

Darasin da na fi so ɗalibi ya riƙe shi ne na auna aikin da aka yi da kuɗin da aka kashe. A ce kasafin naira miliyan 20 ne, an cinye rabin lokaci, an kashe miliyan 12, amma aikin da ke ƙasa na miliyan 8 ne. Ma'ana kowace naira ɗaya aikin kwabo 67 take haifarwa, kuma idan aka tafi a haka sai an kashe kusan miliyan 30. Gara maigida ya ji wannan tun yanzu da ya ji shi ranar da leburori suka ajiye shebur.

Sauran darussan sun haɗa da tanadin haɗurra, da tafiyar da masu ruwa da tsaki tun daga mai unguwa har ma'aikatar da ta ba da aikin, da Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007 wadda ta tsara yadda ake tallata kwangila da bayar da ita.

Sai injiniya ne zai iya shiga?

A'a. Likita, akanta, malamin gona, ma'aikacin ƙungiyar agaji, duk suna riƙe ayyuka. Galibi wanda ya fito daga wani fanni daban, ko mai babbar difloma ta kwalejin fasaha, yakan fara da diflomar gaba da digiri kafin digiri na biyu. A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, fannonin gine-gine suna Samaru, na mulki da shari'a suna Kongo. Ka karanta sanarwar makarantar gaba da digiri ta shekarar da za ka nema, domin sharuɗɗa kan sauya.

Digiri na biyu ya fi, ko takardar ƙwarewa irin PMP?

Ba abu ɗaya suke shaida ba. PMP ta PMI ce, cibiyar masu gudanar da ayyuka da aka kafa a Amurka a 1969, kuma mai digiri sai ya nuna ya jagoranci ayyuka na watanni 36 kafin ya zauna jarrabawarta. PRINCE2, wata takardar ƙwarewa irinta, daga Birtaniya ta fito a 1996. Waɗannan suna gaya wa mai ɗaukar ma'aikata cewa ka san tsarin. Digiri kuma yana koya maka bincike da tambayar dalilin da ya sa tsarin ke aiki a wani wuri ya ƙi a wani, shi ne kuma hanyar koyarwa a jami'a da digirin digirgir. Wanda bai taɓa riƙe aiki ba, ya fara da digiri yana tara gogewa.

Yaya ɗalibi zai haɗa aji da aiki?

Ya nemi aiki na gaske tun zangon farko, ko da gyaran rufin Islamiyyar unguwarsu ne. Ya rubuta jadawali da kasafi, kowace Juma'a ya kwatanta abin da ya tsara da abin da ya faru, ya rubuta dalilin bambancin. Idan lokacin kundin bincike ya zo, ina roƙon ɗalibai su rage dogaro da takardun tambayoyi da ake rabawa a ofisoshi. Ka zaɓi aiki ɗaya da ya tsaya ko ya yi latti, ka nemi izinin duba takardunsa, ka zauna da birkila da ɗan kwangila da mutanen unguwa, ka gano watan da lissafi ya fara karkacewa da shawarar da ta jawo hakan.