Fita waje da jinjiri a jirgi: abin da doka ta ce da abin da ake ta yaɗawa

Tun da bakans ta kawo jiki ake ta tura wata murya a WhatsApp nan Yamai, wai an kafa sabuwar doka, ba a barin mai jego ta hau jirgi da jinjiri sai ya cika shekara, wasu ma sun ƙara gishiri wai in kika je filin jirgi da shi ƴan sanda za su karɓe shi sai an yi gwajin jini an tabbatar naki ne. Can ɗaya gefen kuma ga masu cewa ai jinjiri ba ya buƙatar komi, ki goya abinki ki wuce, fasfon uwa ya ishe shi. Duka biyun ba haka ba ne, kuma ni a ganina na biyun ya fi cutar da mutane, don shi ke sa a sayi biye mai tsada, a yi bankwana da dangi, a je filin jirgin Diori Hamani da tsakar dare a ce ma mutum ya koma gida.

Maganar nan ta shafi kowa, mai zuwa hutu, mai zuwa Umra, mai kai ziyara wajen maigida da ke aiki waje, mai zuwa asibiti Tunis ko Istanbul, duk tsarin ɗaya ne.

Batun kwanaki tukunna. Babu wata dokar da ta ce sai yaro ya shekara kafin ya hau jirgi. Kowane kamfanin jirgi ne ke da nashi sharaɗi, kuma yawancinsu kwana bakwai suka tsayar. Turkish Airlines misali, da ke sauka nan Yamai, ba ya ɗaukar jaririn da bai cika awa 48 ba, daga kwana 2 zuwa 7 kuma sai da takardar likita. Bayan haka shi ke nan. To mu wannan sharaɗin ma da wuya ya taɓa mu, tunda sai ran bakwai ake raɗa suna, yaron da ba shi da suna kuwa wace takarda za a yi mishi? Kafin a gama takardu ya daɗe da wuce kwanakin. Zancen sai an yi arba'in kuma al'adarmu ce ta jego, tana da amfaninta ga uwa musamman wadda aka yi wa aiki, amma babu ɗan sandan da zai tambaye ki ko kin gama wanka. Bakwaini ko yaron da aka haifa da matsalar numfashi ko ta zuciya, wannan likitansa ne zai ce e ko a'a, ba ajans ba, ba kaka ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne takarda. A idon doka jinjirin kwana goma mutum ne cikakke, sai da fasfonsa na kanshi, da hotonsa a ciki. Da can ana rubuta yara cikin fasfon uwa ko uba, iyayenmu da suka yi tafiya a wancan zamani sun san haka shi ya sa suke rantsuwa ana yi, gaskiyarsu ne an yi, amma tun da aka koma fasfon da na'ura ke karantawa hukumar jiragen sama ta duniya ta tsaya kan mutum ɗaya fasfo ɗaya. Fasfo kuma ba ya samuwa sai da takardar haihuwa da takardar zama ɗan ƙasa wadda kotu ke bayarwa. Nan ne da yawa ke makara. Dokar état civil ta 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa, kyauta ne, kuma ana iya farawa tun daga matarnite inda aka haihu. In kwana 60 suka wuce ba a yi ba, ba wai yaron ya rasa takarda har abada ba ne kamar yadda wasu ke tsorata mutane, sai dai hanya ta yi tsawo, sai an bi ta kotu da shaidu alƙali ya yanke jujuma sannan a koma meri. Wanda ke shirin tafiya nan da wata biyu wannan zagayen kaɗai ya isa ya cinye mishi hutun. Ku kuma duba rubutun sunan da kyau tun ran farko, Aichatou a takardar haihuwa, Aïssata a biye, wannan ƙaramin abu ya isa a tsayar da mutum.

Ga masu tambaya kan fasfon iyaye: e, Nijar ta fita daga CEDEAO ran 29 ga Janairu 2025, ranar ce kuma aka ƙaddamar da fasfon AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, amma an sanar cewa tsohon fasfo na CEDEAO yana aiki har ranar da wa'adinsa ya ƙare. Abin dubawa shi ne ranar ƙarewar, don ƙasashe da yawa suna son a ce ya rage wata shida, na Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuma wata uku bayan ranar dawowa. Biza ma haka take, in ƙasar tana neman biza ga ɗan Nijar to tana nema ga jinjirin, nashi dosiye daban. A Schengen yaron da bai kai shekara 6 ba ba a biya mishi kuɗin biza, ba a kuma ɗaukar zanen yatsun wanda bai kai 12 ba, amma kyauta ba ta nufin an yafe, dole a nema a manna a fasfonsa.

Yanzu ga wurin da ya fi rikita mutane, takardar izinin iyaye, wadda daga ita ne aka ƙago labarin wai ana ƙwace yara. In uwa da uba suna tafiya tare da ɗansu, da fasfo da takardar haihuwa a hannu, ba matsala. In ɗaya ne kaɗai ke tafiya da yaron, ƴan sandan kan iyaka na iya tambayar shaidar cewa ɗayan ya sani kuma ya yarda, ofisoshin jakadanci ma suna nema tun wajen biza, can inda za a sauka ma ana iya sake tambaya. Takardar ba wani abu ne mai wuya ba: sunan mai ba da izini, sunan yaron da ranar haihuwarsa, sunan wanda zai tafi da shi, ƙasar da za a je da kwanakin tafiya, ya sa hannu a kai a legalize a meri ko komisariya, a haɗa da kofin kart dantite ɗinsa. In kaka ce ko gwaggo ko inna za ta tafi da yaron to izinin iyayen biyu ake so. Kuma ba mata kaɗai ake tambaya ba, uba ma in ya ɗauko jinjiri shi kaɗai za a iya ce mishi ina yardar uwar.

Me ya sa ake wannan tsananin? Ƙasar nan tana da dokar yaƙi da safarar mutane tun Disamba 2010, kuma duk wanda ya kai hankali a 2014 ya tuna shari'ar jariran nan da aka ce an shigo da su daga Najeriya ta Bénin, wadda ta taɓa har manyan mutane. Ɗan sandan da ke zaune a gishe bai san ki ba, jinjiri kuma ba ya magana balle ya ce wannan ce uwata. Don haka tambayar tana da dalili, ban ga laifinta ba. Amma fa a faɗi gaskiya, nauyinta kan mata ya fi faɗawa. Ku duba Tawa, gida nawa ne maigida yana cirani, Abijan ko Libiya ko Aljeriya, shekara ɗaya biyu bai zo ba? Shi sai ya nemi ofishin jakadanci ko ƙaramin ofishin Nijar can inda yake ya sa hannu ya aiko, wanda ke cikin daji yana aikin ƙarfi ina ya ga wannan lokacin. Ga kuma wadda aka saka tana da ciki ko tana goyo, sakin baki, ba takarda ba kotu, yanzu ita ce za ta koma tana lallaɓar wanda ya kore ta ya sa mata hannu, wani ma da gangan zai ƙi don ya ƙuntata mata. Hanyar da ta rage mata ita ce kotu, ta samu hukuncin da ya nuna riƙon yaron yana hannunta ko alƙali ya ba da izinin tafiyar. Wadda mijinta ya rasu, Allah ya jiƙan musulmi, ta riƙe takardar mutuwa tare da takardar haihuwar yaron. Hanyoyin suna nan, sai dai duk suna cin lokaci da kuɗin mota, kuma ba a cika gaya ma mata su ba sai sun zo gaban gishe.

To in takarda ba ta cika ba me ake yi ma mutum? Ba a ɗaure shi, ba a karɓe yaro, hana shi hawa jirgi kawai ake yi. Mutane na jin haushin ma'aikatan kamfani suna cewa sun cika taurin kai, alhali su ma tsoron kansu suke, don ƙa'idar ita ce kamfanin da ya kai fasinja wata ƙasa ba da cikakkun takardu ba shi zai maido shi da kuɗinsa, a Turai har tara ake cin kamfanin ta dubban Yuro kan mutum guda, jinjiri ma mutum guda ne a lissafin. Shi ya sa roƙo da "don Allah ki duba yaron nan" ba ya aiki. Asarar kuma taka ce, kamfani ba ya ɗaukar laifin, in biyen mai arha ne wanda ba a canzawa kuɗin sun tafi. Inda abin ke zama laifi na gaske har da kaso shi ne in aka yi ƙarya: a sa hannun uba da bai sani ba, a ari fasfon ɗan ƴar uwa tunda wai jarirai duk kamarsu ɗaya, a sayi takardar haihuwa ta bayan fage. Wannan jabu ne da amfani da jabu, kuma nan ne za a fara yi miki tambayoyin da kika ji tsoro tun farko. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sai karne jon, takardar rigakafin shawara. Ƴan uwa don Allah ku saurara nan. Ba a yi wa jinjiri allurar shawara. A tsarin rigakafinmu sai wata 9 ake yin ta tare da ta ƙyanda, ƙasa da wata 6 kuma haramun ce a likitance don tana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Saboda haka ne ƙasashen da ke neman takardar suke nemanta daga wata 9, wasu ma daga shekara ɗaya. Duk wanda ya ce miki kawo kuɗi a buga wa ɗan wata biyu karne jon, yana sayar miki da abin da ba a tambaya ba ne, kuma takardar da ke cewa an yi wa ɗan wata biyu allurar shawara ita da kanta take tona asirin jabu ce. Ku manya ne ake nema a wajenku, tana fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun Yuli 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba sai an sake duk shekara goma ba. Uwar da ba ta taɓa yi ba kuma tana shayar da ɗan ƙasa da wata 9, ta gaya ma likita kafin a yi mata, akwai abin dubawa nan. Shi jinjirin a riƙe karnensa na awo, wanda ke nuna an yi mishi BCG, allurar tarin fuka, da ɗigon shan inna na haihuwa, in ya kai sati 6 an fara mishi sauran.

Kuɗin jirgi: ba kyauta ba ne. Yaron da bai kai shekara 2 ba yana zama kan cinya, a jiragen ƙasa da ƙasa yawanci ana biya mishi wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba da wasu haraji, kuma dole sunansa ya fito a nashi biye. Babba ɗaya jinjiri ɗaya kan cinya, mai tagwaye sai ta samu mai raka ta ko ta bi abin da kamfanin ya tsara na sayen kujera. Akwai ɗan gadon da ake maƙalawa a bango a manyan jirage, ana nemansa tun wajen sayen biye don kaɗan ne. Dokar nan ta hana shiga da ruwa fiye da mililita 100 ba ta hau kan madara da abincin jariri ba, a fito da su dai a nuna wajen bincike. Batun wai iska na fasa kunnen yaro shi ma an kambama shi, abin da ke faruwa kunne na toshewa lokacin tashi da sauka kamar yadda na babba ke yi, a ba shi nono a lokacin, haɗiyar ce ke buɗe shi.

Mutanen Tawa kuwa, abin da ya fi damuna da ku ba jirgin ba ne, hanyar ce. Fiye da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso cikin bas, da zafi da ƙura, ta fi awa shida na jirgi wahalar da ɗan sati uku nesa ba kusa ba. A zo Yamai da kwana biyu ko uku a hannu, uwa da ɗa su huta, a je ofishin kamfanin da takardun gaba ɗaya a ce su duba tun ranar tafiya ba ta zo ba, a kuma yi kofin kowace takarda a raba cikin jaka biyu.