Matashin direban Formula 1 da ƙungiya mai rauni: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da wata babbar ƙungiyar tseren motoci ta Formula 1 ta rasa direba, muhawara ɗaya ce take dawowa tsakanin masu bin gasar. Wasu su ce a ɗauko yaron da ya yi fice a ƙananan gasanni a damƙa masa motar nan take, wasu kuma su ce a tura shi ƙungiyar da ke can baya ya fara cin ƙwaƙwa tukuna. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda muhawarar ta fi tsayawa a kansu.

Me ake nufi da ƙungiya mai rauni, tunda duk gasa ɗaya suke yi?

A Formula 1 kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta, kuma motoci biyu take fitarwa a kowane tsere. Saboda haka tazarar da ke tsakanin mota da mota ta fi wadda ke tsakanin direba da direba girma, ta yadda gwanin gwanaye ma idan aka sa shi a motar da ke baya da daƙiƙa biyu a kowane zagaye, ba abin da zai iya yi illa ya ƙare a baya. Ƙungiyoyi irin su Ferrari da McLaren da Mercedes da Red Bull su ne suka saba neman kambu, akwai na tsakiya masu fafutukar samun maki, sannan akwai na ƙarshe irin su Minardi a da, ko HRT da Marussia, ko Williams ta shekarar 2019, waɗanda sukan kammala kakar tsere da maki ɗaya ko babu ko ɗaya. Tun daga 2010 motoci goma na farko ne ke samun maki, kafin 2003 kuwa shida na farko ne kaɗai.

Mene ne ainihin abin da matashi ke samu a irin wannan ƙungiya?

Babban abin da yake samu shi ne rufin asiri yayin da yake kuskure, kuma babu sabon direban da ba ya kuskure. Motar Formula 1 ta sha bamban da ta ƙananan gasanni wajen ƙarfin birki, da yawan maɓallan da ke kan sitiyari, da yadda tayoyi ke lalacewa idan ba a lallaɓa su ba, da kuma tsawon tseren, wanda ke kaiwa kimanin kilomita 305. Ga kuma zama da injiniyoyi bayan kowane gwaji, inda dole direba ya iya bayyana abin da motar ke yi a kowace kwana da kalmomin da za su iya aiki da su. Wanda ke koyon wannan duka yana matsayi na goma sha bakwai, idan ya zame ya fita daga hanya, kyamara ma ba lalle ta nuna shi ba. Wanda ke koyonsa yana kan gaba kuwa, duniya ce ke kallo, jaridu kuma su kwana suna tattauna shi.

Fernando Alonso shi ne misalin da kowa ke kawowa. Ya fara da Minardi a 2001 yana ɗan shekara 19, ya kammala kakar ba tare da maki ko ɗaya ba, amma waɗanda aikinsu ke nan sun lura da yadda yake kai motar inda bai kamata ta kai ba. Ya yi 2002 yana direban gwaji a Renault, ya ci tserensa na farko a Hangari a 2003, ya zama zakaran duniya a 2005 da 2006. Ayrton Senna ma da Toleman ya fara a 1984, kuma a tseren Monako na shekarar, cikin ruwan sama mai ƙarfi, yana dab da cim ma Alain Prost aka tsayar da tseren, ya ƙare na biyu. Ruwan sama yakan rage fifikon mota a kan mota, shi ya sa a irin wannan rana ce yaron ƙaramar ƙungiya ke nuna kansa, kamar yadda Sebastian Vettel ya yi a filin tseren Monza na Italiya a 2008, lokacin da ya ci tsere da Toro Rosso, wato tsohuwar Minardi da kamfanin Red Bull ya saya a ƙarshen 2005.

To ai Lewis Hamilton da babbar ƙungiya ya fara, kuma ya yi nasara. Wannan bai rushe hujjar ba?

Bai rushe ta ba, amma ya nuna iyakarta. Hamilton ya shiga McLaren a 2007, ya ƙare cikin ukun farko a tsere tara na farko a jere, ya ci tsere huɗu, ya samu maki 109 daidai da Alonso wanda ke ƙungiya ɗaya da shi kuma yake riƙe da kambu a lokacin, Kimi Räikkönen ya fi su da maki ɗaya tak. A shekarar da ta biyo baya ya zama zakara. Sai dai abin da akan manta shi ne McLaren ta ɗauki nauyinsa tun 1998 yana ɗan shekara 13, kuma a wancan zamani ƙungiyoyi na da 'yancin gwada sabuwar mota na tsawon dubban kilomitoci kafin kaka ta fara da kuma tsakiyarta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma nasa goran an daɗe da fafe shi. A 2009 aka hana gwaji a tsakiyar kaka, daga nan abin da matashi zai koya a ɓoye ya ragu ƙwarai, sai ƙaramar ƙungiya ta zama ita ce makarantar da ta maye gurbin filin gwaji.

Ko a shekarar farko ta Hamilton, wato 2007, akwai darasi. A tseren Sin, ƙungiyar ta bar shi a kan tayoyin da suka cinye, ya zame cikin tsakuwa a bakin hanyar shiga wurin sauya taya, ya fita daga tseren. Da a Minardi hakan ta faru, da ba wanda zai tuna. A McLaren kuwa tana cikin abubuwan da suka raba shi da kambu.

Me ya faru da waɗanda aka gaggauta kai su sama?

Tarihin Red Bull ya ishi mai neman amsa, domin ita ce ke da ƙungiya ta biyu da take renon matasa a cikinta. Max Verstappen ya fara da Toro Rosso a 2015 yana ɗan shekara 17, aka ɗaga shi zuwa Red Bull a watan Mayun 2016, ya ci tseren Sifaniya a fitowarsa ta farko. Wanda aka sauke domin a ba shi wuri shi ne Daniil Kvyat, wanda shekara ɗaya kacal ya yi a Toro Rosso kafin a kai shi sama. Pierre Gasly ya hau a 2019, aka mayar da shi bayan tsere 12. Alexander Albon, wanda ya gaje shi bayan tsere 12 kaɗai a Formula 1, ya rasa kujerar a ƙarshen 2020. Liam Lawson kuwa tsere biyu aka ba shi a 2025.

Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne abin da ya biyo baya. Gasly ya koma ƙaramar ƙungiyar, ya ci tseren Monza a 2020, Albon kuma ya farfaɗo da sunansa a Williams daga 2022. Ashe ƙwarewar tana nan tun farko, lokaci ne ba a ba su ba, an kuma ajiye su kusa da Verstappen, wanda ko gogaggun direbobi sun sha wahalar bin ƙurarsa.

Akwai illar da ke tattare da farawa a baya?

Akwai, kuma masu yabon wannan hanya ba su cika faɗinta ba. Direban da ke motar ƙarshe yakan shafe rabin tseren yana duba madubi, saboda da zarar na gaba sun zagayo za su wuce shi, sai a ɗaga masa shuɗiyar tuta, dole ya kauce ya ba su hanya. Kowace kaucewa tana cin lokaci, tana sanyaya tayoyi, tana kuma hana shi koyon abin da ya fi muhimmanci, wato yadda ake kokawa da wata mota kafaɗa da kafaɗa, da yadda ake riƙe matsayi na ɗaya ana matsa maka lamba. Mota mai rauni kuma sau da yawa ba ta da daidaito, tana iya koya wa yaro ɗabi'un tuƙi da zai sha wahalar bari daga baya.

Illa ta biyu ita ce rashin ma'auni. Da yake motoci sun bambanta, hanya ɗaya tilo da ake auna direba ita ce a kwatanta shi da abokin aikinsa mai tuƙa irin motarsa. Mick Schumacher ya ci gasar Formula 2, wadda ke ƙasa da Formula 1, a 2020, ya shiga Haas a 2021, shekarar da ƙungiyar ta yanke shawarar ba za ta kashe kuɗi wajen inganta motar ba, abokin aikinsa Nikita Mazepin kuma shi ma sabo ne. Ya doke Mazepin, amma ba wanda ya san darajar wannan nasara, kuma babu gogagge a gefensa da zai koya daga gare shi. Da Kevin Magnussen ya zo a 2022, Schumacher ya samu maki 12, Magnussen 25, ga kuma munanan haɗurra a Saudiyya da Monako, a daidai lokacin da dokar ƙayyade kashe kuɗi da ta fara aiki a 2021 ta sa kowace mota da aka farfasa ta zama asara mai ciwo ga ƙaramar ƙungiya. A ƙarshen shekarar ya rasa kujerarsa.

Sannan ya kamata mu yi wa kanmu adalci wajen lissafi. Muna tuna Alonso a Minardi ne saboda abin da ya zama, amma direbobi da dama sun bi ta wannan ƙungiya sun wuce ba a sake jin ɗuriyarsu a gasar ba. Pascal Wehrlein ya samo wa Manor, wata ƙungiyar baya, maki a Ostiriya a 2016, ya yi shekara guda a Sauber, ƙofa ta rufe masa, alhali ya tabbatar da gwanintarsa daga baya da ya ci kambun Formula E, gasar motocin lantarki, a 2024.

Shekara nawa ya kamata a yi kafin a hau?

George Russell da Charles Leclerc sun ba da amsoshi biyu mabambanta. Leclerc shekara ɗaya ya yi a Sauber a 2018, ya ɗan yi tangal-tangal a tseren farko-farko, ya zo na shida a Baku, ya tara maki 39, Ferrari ta ɗauke shi, a 2019 ya ci tseren Spa na Beljiyam da na Monza ya kuma fi Vettel maki. Russell kuwa shekara uku ya yi a Williams. A 2019 ya fi abokin aikinsa Robert Kubica sauri a dukkan gwaje-gwajen neman gurbin farawa 21, amma bai samu maki ba. A watan Disambar 2020, da cutar korona ta kama Hamilton, wanda ke Mercedes a lokacin, aka ba Russell motarsa a Bahrain, ya jagoranci mafi yawan tseren, kuskuren sauya taya da kuma faci suka mayar da shi na tara. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a wannan dare kowa ya ga ya shirya, duk da haka sai da ya ƙara shekara guda a Williams kafin ya koma Mercedes a 2022. A ganina shekararsa ta farko ta amfane shi ƙwarai, ta biyun ta ƙara masa wani abu, ta ukun kuwa jira ne kawai, a lokacin da ƙuruciyar ɗan wasa ke tafiya ba ta dawowa.

Yanayin yau ya sauya lissafin?

Ya ɗan sauya shi. Na'urorin kwaikwayon tuƙi sun inganta sosai, doka ta yarda a gwada matasa a motocin da suka tsufa da shekara biyu, an kuma wajabta wa ƙungiyoyi ba sababbin direbobi dama a wasu gwaje-gwajen ranar Juma'a. Da wannan ne Mercedes ta shirya Kimi Antonelli kafin ta ba shi kujerar Hamilton a 2025 yana ɗan shekara 18. Ya zo na huɗu a tserensa na farko a Ostireliya, ya zo na uku a Kanada, ya kuma sha fama a tsakiyar kakar, kuma ƙungiyar ta yi haƙuri da shi har ya farfaɗo. Ferrari kuwa ta bi tsohuwar hanya da Oliver Bearman, domin ko da yake ya zo na bakwai a Saudiyya a 2024 lokacin da ya maye gurbin Carlos Sainz ba shiri, Haas aka tura shi.

Idan aka ce a zaɓa, wace hanya ta fi?

Ni dai ina tare da masu cewa a fara daga ƙasa, amma da sharuɗɗa, kuma idan sharuɗɗan ba su cika ba, hanyar tana iya zama rami. Motar ta kasance tana iya shiga cikin kokawa da wasu, ko da sau kaɗan ne a shekara, domin ƙungiyar tsakiya irin Sauber ta 2018 ko Toro Rosso ta 2008 ta fi ta can ƙarshe amfani nesa ba kusa ba. A gefensa kuma a samu gogaggen direba wanda doke shi zai zama hujja. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne ya kasance akwai babbar ƙungiya ko wani mai faɗa-a-ji da ke riƙe da kwantiraginsa, yana duba alƙaluman tuƙinsa, yana kuma da kujerar da zai ba shi. Alonso yana da manajansa Flavio Briatore da Renault, Vettel da Daniel Ricciardo, wanda ya fara da HRT a 2011, suna da Red Bull, Leclerc yana da Ferrari, Russell yana da Mercedes. Matashin da ya shiga ƙungiyar baya da kuɗin masu ɗaukar nauyinsa kaɗai, ba tare da wani a sama yana jiransa ba, yawanci kujerarsa takan tafi ne ranar da wani ya zo da kuɗin da ya fi nasa.