Waiwaye: Yadda 'Yan Kwana-kwana Suka Zama 'Yan Bora a Kasafin Kuɗi

A Legas aikin kashe gobara na gwamnati ya faro a 1901, kuma a lokacin wani reshe ne na 'yan sanda. Sai a 1963 aka yi dokar da ta ware shi ya tsaya da ƙafarsa. Hukumar da aka samu ta tarayya ce, ta kuma daɗe ƙarfinta bai wuce Legas ba, daga baya Abuja. Sauran ƙasa kuwa, kowace jiha ta ji da nata.

Haka Katsina ta gaji abin lokacin da aka cire ta daga tsohuwar jihar Kaduna a 1987. Sabuwar jiha mai neman sakatariya da asibitoci da tituna, wa zai tuna da ma'aikatar da ba a ganin amfaninta sai ranar masifa? Yau ƙananan hukumomi 34 ne, birnin kuma ya tsallake ganuwa tuntuni, ya bazu bayan Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya.

A ganina ba sayen mota ne babbar matsalar ba. Gwamnatoci na son sayen motar kwana-kwana, don ja ce, tana ƙyalli, ana yanka mata kyalle a gaban 'yan jarida. Abin da ke wuyar fitowa daga baitulmali shi ne kuɗin yau da kullum: man gas, taya, batir, mesa, kumfar kashe wutar fetur, rigar da wuta ba ta ci, da albashin sababbin ma'aikata idan tsofaffi sun yi ritaya. Sai kuma ruwa, wanda ya fi komai. Tankin mota ɗaya kan ƙare cikin 'yan mintuna idan an buɗe mesa sosai. Inda bututun gwamnati ke da ƙarfi, a bakin titi ake sake cikawa. A garin da ruwan madatsar Ajiwa bai wadaci gidaje ba har ana dogara da 'yan ga-ruwa, dole mota ta bar wuta tana ci ta tafi ɗebo wani. Daga nan ake samun zancen nan na "sun zo ba ruwa", wani lokacin har da jifa, alhali ba direban ne ya rubuta kasafin ba.

Gobarar babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta cinye shaguna masu yawa, ta kuma tayar da maganar na ɗan lokaci. Ta nuna wani ɓangaren da ba na kuɗi kaɗai ba: rumfuna da kasa kaya kan toshe hanyar da mota za ta bi.

Daga 2023 lissafin ya ƙara dagulewa. Darajar naira ta faɗi warwas, alhali motocin da kayan gyaransu daga waje ake shigo da su. Kuɗin da a da zai tayar da mota biyu daga gareji, yanzu da ƙyar ya ishi famfon guda.