Waiwaye: Daga dalma zuwa ETBE, abin da ake gauraya fetur da shi

A watan Fabrairun 2022 da layin mai ya miƙe, 'yan bumburutu suka ci kasuwarsu a Zariya, dalilin da hukuma ta bayar shi ne an shigo da fetur daga Beljiyam wanda metanol, wani sinadari dangin barasa, ya yi wa yawa. A nan mutane da dama suka fara jin cewa fetur ba zallarsa ake sayarwa ba.

Gaurayen ya daɗe. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa ɗan sinadarin dalma yana hana mai kamawa da wuta kafin lokacinsa a cikin inji. Inji ya ji daɗi, ƙwaƙwalwar yara ta sha guba, kuma sai a 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da irin wannan mai.

Wanda ya gaji dalma a Amurka tun 1979 shi ne MTBE, daga dangin sinadaran da ake kira ether a Turance. Yana ɗauke da iskar oksijin, don haka mai yana ƙonewa sosai. Sai dai yana narkewa a ruwa. Tankunan ƙarƙashin ƙasa suka yi yoyo, a 1996 aka rufe rijiyoyin birnin Santa Monika, jihar da birnin yake, Kalifoniya, kuwa ta haramta shi daga 2004.

Ɗan'uwansa ETBE, wanda Faransa da Japan suka runguma, ana samunsa ne idan aka haɗa etanol, wato sinadarin barasa na rake ko hatsi, da iskar isobutilin ta matatar mai. Haɗin yana fitar da zafi da kansa, shi ya sa ake sanyaya tukunyar haɗin, in ba haka ba abin da za a samu ya ragu. A ganina nan ne maganar ta shafe mu. Etanol zalla idan ya shiga fetur yana sa shi saurin tashi ya bi iska, ga jan danshi har gaurayen ya rabu gida biyu. ETBE, mai tafasa a wajen digiri 73 (MTBE a 55), ba ya haka. Duk wanda ya taɓa buɗe jarkar mai da tsakar rana a watan Afrilu a Sabon Gari ya san abin da tururin nan yake nufi.

Tun 2007 Najeriya ke da manufar zuba etanol kashi goma cikin ɗari a fetur. Rake da rogo muna da su, masana ma ga su a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT da ke Basawa. Isobutilin ɗin ne sai matata tana aiki, ta Kaduna kuwa, da aka buɗe a 1980, ta shafe shekaru ba ta tace mai.