Larurar Sitokholm: daga ina kalmar ta fito, kuma ta dace da jarumar da zuciyarta ta karkata ga azzalumi?

Ɗiyar ƙanwata tana karatu a jami'a a nan Tawa, tana kuma rubuta ƙagaggen labarin kimiyya a wayarta, tana tura wa ƙawayenta babi-babi ta WhatsApp. Labarin wata duniya ce ta nan gaba, inda baƙi masu jiragen sararin samaniya suka sauka suka kafa sansani a kan rijiyoyi, ba mai ɗiban ruwa sai da takardarsu. Jarumar mai gyaran inji ce, aka kama ta aka tsare. Da labari ya yi nisa sai ta fara jin wani abu a ranta game da kwamandan da ke tsare da ita. Ranar da babin ya fita, ƙawaye suka yi ca. Wasu suka ce ta ci amanar mutanenta. Ɗaya ta rubuta da Faransanci cewa wannan ai "syndrome de Stockholm" ne, daga nan kowa ya yi shiru kamar an yanke hukunci.

Da dare ta same ni a tsakar gida. Ta ce, "Kawu, wai jarumata ciwo gare ta?" Na ce mata ta zauna, sai mun fara sanin inda kalmar ta fito.

Ranar 23 ga Agusta 1973, wani fursuna mai suna Jan-Erik Olsson, wanda aka ba hutun fita daga kurkuku, ya shiga bankin Kreditbanken da ke dandalin Norrmalmstorg a Sitokholm, babban birnin Suwidin, da bindiga. Ya tsare ma'aikata huɗu, mata uku da namiji ɗaya. Ya nemi kurona miliyan 3, kuɗin ƙasar, da mota, da a kawo masa abokinsa Clark Olofsson daga kurkuku. Aka kawo abokin. Kwana 6 aka yi, mafi yawansu a cikin ɗakin ajiyar kuɗi, har 28 ga wata da 'yan sanda suka huda rufin suka zuba hayaƙi mai sa hawaye. Babu wanda ya mutu cikin mutane huɗun.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne halin waɗanda aka tsare. Ɗaya daga cikinsu, Kristin Enmark, mai shekara 23 a lokacin, ta yi magana ta tarho da firaminista Olof Palme, ta gaya masa cewa ba 'yan fashin ta fi tsoro ba, abin da take tsoro shi ne 'yan sanda su afka a kashe kowa. Likitan ƙwaƙwalwa da ke ba 'yan sanda shawara, Nils Bejerot, shi ya raɗa wa abin suna, da farko da sunan dandalin, daga baya duniya ta mayar da shi sunan birnin. A shekarar da ta biyo baya, 1974, a Amurka, aka sace Patty Hearst, jikar wani hamshaƙin mai jaridu, bayan wata biyu aka gan ta riƙe da bindiga tana fashin banki tare da waɗanda suka sace ta. Wannan ne ya ƙara yaɗa kalmar.

To ma'anar da ake ba ta ita ce: wanda aka tsare ko ake zalunta ya wayi gari yana tausayin mai tsare shi, yana kāre shi, yana ganin masu neman cetonsa kamar su ne abokan gaba.

Amma akwai abin da masu jefa kalmar ba su cika faɗa ba. Ba ta cikin babban kundin cututtukan ƙwaƙwalwa da likitocin Amurka ke aiki da shi, wato DSM. Ita kuwa Enmark ta yi shekaru tana cewa ba ciwo gare ta ba, lissafi ta yi. Duba da idonta: an rufe ƙofar ɗakin ajiya, ɗan fashi ya sa wa mutane igiya a wuya ya ce in an zuba hayaƙi za su shaƙe, 'yan sanda kuma suna huda rufi. Wanda ya ce a bi a hankali a irin wannan hali, ina haukarsa? Ta soki hukuma a bainar jama'a, sai aka amsa mata da sunan cuta. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai cikin labarin gaba ɗaya, don da zarar an ce mace larura gare ta, an huta da sauraron hujjarta.

Ba ina cewa zuciya ba ta karkata a ƙarƙashin tilas ba. Tana karkata. In ranka yana hannun mutum, ruwanka da barcinka da fitsarinka duk sai da izininsa, ba ka jin muryar kowa sai tasa, to ƙaramin alheri daga gare shi girma yake yi kamar dutse. Namijin da aka tsare a bankin, Sven Säfström, ya ba da labari daga baya cewa da Olsson ya ce zai harbe shi a ƙafa, sai ya ji a ransa mutumin ya yi masa kirki tunda ƙafa kawai ya ce. Hankali ne ke neman hanyar da mai shi zai kai gobe. Magabata sun ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana, sun kuma ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Sun san wannan tun ba a gina wancan banki ba.

Mu a wannan jiha ba ma sai mun je Suwidin ba. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani, tana da kamar shekara 12, a kan jaka 240 na sefa, ta zama wahaya, abin da ake kira mace ta biyar, a yankin Ƙwanni. Ta yi shekara 9 a gidan, ta haihu a can. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ba ta tafiya, wai matarsa ce. Ta tafi. Ta auri wanda take so, aka yanke mata wata 6 a kurkuku da laifin aure kan aure. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta na Yamai, ta ce bauta ce aka yi mata, ƙasar Nijar ta kasa kāre ta, a biya ta sefa miliyan 10. Wanda ya leƙa gidan nan a shekara ta biyar ko ta shida, ya ga mace tana daka, da goyo, tana gaida maigida da ladabi, zai iya rantsewa zaman lafiya ake. Ranar da ƙofa ta buɗe aka san abin da ke ranta.

Shi ya sa na ce wa ɗiyata tambayar ko jaruma za ta iya jin sha'awar azzalumin mutanenta ba ta da wuyar amsa. Za ta iya. Ido yana ganin kyau ko a fuskar maƙiyi, kaɗaici kuma yana sa mutum ya saba da duk muryar da ke kiran sunansa. Masu karatunmu suna son kowace jaruma ta zama Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojojin Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa 'yan mulkin mallaka, a 1899. Ni ma ina alfahari da ita. Amma Sarauniya tana da mayaƙa, tana da daji a bayanta. Matan da wancan ayari ya kwasa daga garuruwan da ya ƙona ba su da ko ɗaya, kuma ba wanda ya rubuta mana abin da suka ji a dare na ɗari. Marubuciyar da ta shiga wannan wuri ta yi aikin da tarihi bai yi ba.

Inda nake jin tsoro shi ne labarin da ke wanke azzalumi da sabulun soyayya. Kwamanda ya rufe rijiyoyi, yara suna mutuwa da ƙishirwa, sai ya miƙa wa jaruma bargo a daren sanyi, marubuci ya manta da rijiyoyin. Olsson ma ya ba ɗaya daga cikin matan rigar sanyi, igiyar kuma tana nan. In jaruma za ta ji abin da take ji, to ta ji shi da idonta a buɗe: ta san mabuɗi a aljihun wa yake, ta tuna uwarta tana layin ruwa da takarda a hannu, abin ya dame ta, ta ji kunyarsa, ta yi gardama da kanta. Kada wani likita a cikin labarin ko a wajensa ya zo ya ba abin suna ya rufe mata baki. A bar ta ta faɗi lissafinta kamar yadda Enmark ta faɗa wa Palme. Shi kuma kwamandan, in har ana so mai karatu ya yarda son gaskiya yake yi, sai a ga abin da ya rasa saboda shi. Muƙami ne, ko sansanin gaba ɗaya?

Ta yi shiru tana juya wayar a hannu. Can ta ce, "Kawu, to in ya buɗe mata ƙofa ta ƙi fita fa?"

Na ce, "Rijiyoyin ya buɗe, ko ƙofarta kaɗai?"

Ba ta amsa ba. Ta ɗauki butar shayi ta kai ciki. Bayan kwana huɗu ta turo mini sabon babi. Kwamandan ya bar ƙofa a buɗe da gangan, jarumar ta fita har bakin shinge, ta tsaya tana jin ƙarar famfon da ita ta gyara musu da hannunta, ruwan yana tafiya cikin sansani. A nan babin ya ƙare.